Me Ke Saura a Kofi Idan Aka Cire Barasa: Kundin Ɗanɗana Nau'o'in Giya

9 ga Janairu

Tambaya guda ce ta sa na buɗe wannan kundi: idan aka zare barasa daga giya, me ke saura na asalin kowane nau'i? Ƙananan masana'antun giya, waɗanda suka yi suna wajen sarrafa hatsi da furen hop (furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi) da hannun gwaninta, yanzu suna fitar da nau'o'i da dama a sigar da ba ta bugarwa, kuma su kaɗai nake ɗanɗanawa. So nake in gano inda ran kowane nau'i yake, ko a hatsi, ko a hop, ko a yisti, ko kuwa a cikin barasar da aka cire.

Abu na farko shi ne karanta jikin gwangwani da kyau, domin kalmar "marar barasa" ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. A Jamus da Amurka ana iya kiran abin sha haka ko da akwai ɗan ragowa da bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Wanda ba ya son ko ɗigo sai ya nemi mai alamar 0.0. Ina rubuta adadin kowacce a gefen shafi, saboda ina zargin ko wannan ɗan bambancin zai bayyana a harshe.

Tsarin da na ɗauka: tambulan iri ɗaya ga kowacce, a wanke shi tas a ɗauraye har sai babu ƙamshin sabulu, ruwa a gefe don kurkure baki. Ina duba launi, da kumfa, da ƙamshi, da ɗanɗano, da nauyinta a baki, sannan abin da ya rage a maƙogwaro bayan haɗiya. Don samun kalmomi na jingina da taswirar ɗanɗano mai siffar da'ira da Morten Meilgaard ya tsara a shekarun 1970, wadda masu wannan sana'a ke amfani da ita har yau.

18 ga Janairu

Na fara da pilsner, tunda ita ce uwar mafi yawan giyar da ake sha a duniya. A 1842 aka fara yin ta a garin Pilsen na ƙasar Cek, a hannun Josef Groll, mutumin yankin Bavaria na Jamus. Abubuwa uku suka haɗu a can: tsiron sha'ir da aka busar a hankali bai yi duhu ba, ruwan garin mai ƙarancin ma'adinai, da hop ɗin Saaz mai ƙamshin ganye da ɗan yaji-yaji. Sakamakon shi ne abin sha garai-garai mai launin zinariya, wanda ya kamata ya wuce a baki ya bar shi a bushe, da ɗaci mai tsabta.

Waɗanda na gwada ido ya yarda da su. Launi daidai, kumfa fara tas, tana barin zane a jikin tambulan. Hanci ne ya fara ƙorafi. Akwai wani ƙamshi na dafaffen hatsi mai zaƙi-zaƙi, irin na ruwan tsiro da bai gama tsimuwa ba, kuma a baki zaƙin yana manne wa harshe a daidai inda ya kamata a ji bushewa. Ɗaya daga cikinsu ba ta da wannan zaƙin, amma ita kuma ta tsinke, sai ka ce ruwa aka ƙara mata.

Pilsner ba ta da mafaka, abin da na fahimta ke nan. Babu gasasshen hatsi ko ƙamshin 'ya'yan itace da zai rufe aibi. Duk abin da ya ɓace a fili yake.

27 ga Janairu

Yau ban ɗanɗana komai ba, karatu na yi, domin aibi biyun da na ji a pilsner sun tsaya mini a rai. Ashe kowanne yana da tushe a yadda aka yi giyar.

Hanya ta farko ita ce a hana barasar samuwa tun farko. Ana katse tsimuwa da wuri ta hanyar sanyaya ruwan sosai, ko a yi amfani da yisti na musamman irin su Saccharomycodes ludwigii, wanda ba ya iya cin maltos, wato sukarin da ya fi yawa a ruwan tsiro. Tunda yistin bai ci sukarin ba, zaƙi ya zauna. Haka kuma wasu sinadarai dangin aldehaid, kamar methional, waɗanda yisti kan kawar a cikakkiyar tsimuwa, su ma sun zauna. Su ne ƙamshin dafaffen hatsin nan.

Hanya ta biyu ita ce a yi giyar cikakkiya, sannan a zare barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Salshiyos, ƙasa da ruwa, kuma idan aka zuƙe iskar tukunya aka rage matsi, takan tashi da ɗan ɗumi kaɗan ba tare da an dafa giyar ba. Wasu kuma tacewa suke yi ta wata fata mai ƙananan ƙofofi. Matsalar ita ce ƙamshi mai saurin tashi yakan bi barasar ya tafi, kuma nauyin da take ba wa baki ya ragu. Wannan shi ne tsinkewar.

Daga yau na ƙara layi a shafin: in yi hasashen hanyar da aka bi kafin in bincika.

8 ga Fabrairu

Giyar alkama ta Bavaria, wadda suke kira weizen. Nan ne aikin ya fara faranta mini rai.

Tun daga zubawa daban take. Na karkata tambulan na zuba a hankali, na bar kaɗan a gindin kwalba na jujjuya don yistin da ya kwanta ya tashi, sannan na juye. Sai gizo-gizon yistin ya sauka cikin ruwan yana murɗawa har ya game shi duka, launin ya koma na bambaro mai hazo. Kumfar ta taru ta yi tozo, kuma ta daɗe ba ta faɗi ba. Furotin ɗin alkama ne ke riƙe ta. A ƙa'idar Jamus, aƙalla rabin tsiron wannan giya dole ya zama na alkama.

Ƙamshinta biyu ne sanannu, ayaba da kanumfari, alhali ba a saka ko ɗayansu a ciki ba. Yistin ne ke samar da su: isoamyl acetate shi ne ayabar, 4-vinyl guaiacol kuma shi ne kanumfarin. A waɗanda na gwada kanumfari ya tsaya da ƙafarsa, ayabar ce ta ja baya, kuma hakan ya dace da abin da na karanta, tunda ita ce mai saurin tashi. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan zaƙin hatsin da ya ɓata pilsner a nan ya samu gurbi. Dama weizen mai taushi ce, ɗacinta kaɗan ne, gardin burodi na cikin halinta. Alkama ta cike gurbin nauyin da barasa ta bari, iskar gas mai yawa kuma tana ɗaga zaƙin kada ya kwanta a harshe. Ba mamaki da wannan nau'i ya samu karɓuwa sosai a Jamus a sigarsa marar barasa, har 'yan wasan motsa jiki na shan sa bayan tsere.

Wani abin lura a tarihi: dokar tsabtar giya ta Bavaria, wadda aka kafa a Ingolstadt a 1516, ruwa da sha'ir da hop kawai ta amince da su. Ba ta ambaci yisti ba, domin a lokacin ba a san shi a matsayin halitta mai rai ba. Sai a 1883 Emil Christian Hansen ya iya ware tsantsar irin yisti guda a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kopenhagen. Ga shi abin da dokar ba ta ambata ba shi ne duk ran wannan kofi da ke gabana.

Na haɗa weizen ɗin gefe da gefe da farar giyar Beljiyam, witbier, wadda Pierre Celis ya farfaɗo da ita a garin Hoegaarden a 1966 bayan ta kusa ɓacewa. Ita da gaske ake saka mata kayan ƙamshi, 'ya'yan koriyanda da ɓawon lemu. Ta fi weizen sauƙi a baki, ta kuma fi wartsakarwa, amma zurfinta bai kai ba. Idan aka ce in zaɓa, weizen zan ɗauka.

15 ga Fabrairu

Gajeren gwaji kan sanyi. Kowane gwangwani na raba shi biyu, rabi kai tsaye daga firji, rabi na bar shi ya ɗan huce. Sanyi mai tsanani yana danne ƙamshi, mai kyau da marar kyau duka. Pilsner ɗin da na soka a baya ta fi shiga da sanyinta, domin zaƙin ya ɓuya. Weizen kuwa sai da ta ɗan huce kanumfarin ya fito sarai. Daga yanzu kowacce zan ɗanɗana ta sau biyu, da sanyi da kuma bayan ta huce, kuma hukuncin na biyun shi ne na gaskiya.

1 ga Maris

Dangin hop: pale ale, giya mai hasken launi da ɗacin hop, da IPA, wato India Pale Ale. Waɗannan su ne tutar ƙananan masana'antu, musamman a Amurka, don haka na ba su lokaci.

Asalin IPA Ingila ce, giya mai yawan hop da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya tun ƙarshen ƙarni na 18. Daga baya garin Burton upon Trent ya mamaye sana'ar, saboda ruwansa mai yawan sinadarin salfet yana fito da ɗaci ya yi kaifi ya bushe. Har yau masu haɗa giya na ƙara wa ruwansu wannan gishirin don kwaikwayon Burton. Sigar da ta cika kasuwa yanzu kuwa ta Amurka ce. A 1972 aka fitar da irin hop mai suna Cascade daga shirin binciken noma a jihar Oregon, mai ƙamshin lemun garehul da itacen fir. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta haɗa giya a gida, kuma da yawa daga waɗanda suka kafa ƙananan masana'antu daga nan suka taso. Sierra Nevada ta Ken Grossman, wadda ta fara aiki a Kalifoniya a 1980, da Cascade ta gina shahararriyar pale ale ɗinta.

Hop aiki biyu yake yi, kuma sai da na raba su a tunani kafin in fahimci abin da nake ji. Idan aka tafasa shi ya daɗe, sinadaran alfa da ke cikin ƙurarsa mai ruwan ɗorawa suna sauya siffa su narke, su ba da ɗaci. Idan kuma aka zuba shi a ƙarshe, ko a cikin giya mai sanyi bayan tsimuwa, man da ke cikinsa ne ke fita, shi ne ƙamshi. Ga mai yin marar barasa wannan dama ce babba, domin yana iya zuba hop ɗin bayan ya gama cire barasar, ƙamshin ya shiga sabo fil.

Haka kuwa na tarar. Da na fasa gwangwanin farko, ƙamshin garehul da mangwaro ya riga tambulan isa hancina. A wannan fanni babu abin da ya ɓace. A baki ne aka rabu. IPA irin ta gaɓar yammacin Amurka, mai garai-garai da ɗaci mai ƙarfi, ta zo mini da ɗacin da ba shi da abokin tafiya. A sigarta ta asali barasa da nauyin hatsi ne ke tallafe shi. Da suka tafi sai ya rage tsirara, yana kankare gefen harshe, har da ɗan bauri a ƙarshe. Ma'aunin ɗaci da ake rubutawa a jiki, IBU, bai faɗi wannan ba, tunda yawan sinadarin kawai yake aunawa, ba yadda harshe zai ji shi ba.

IPA mai hazo, wadda ta taso daga jihar Vermont ta bazu da sunan New England, ita ce ta tsira. An rage mata ɗaci, an ƙara ƙamshi, an saka hatsin ot da alkama don taushi, ruwan kuma an fifita kuloraid a kan salfet don ya yi laushi a baki. Kusan duk abin da ke bayyana ta ba ya dogara da barasa. Pale ale mai matsakaicin ɗaci ita ma ta zauna daidai. Ra'ayina shi ne duk mai son yin IPA marar barasa ya sake lissafin ɗacin daga tushe, kada ya ɗauko na asali ya dasa.

10 ga Maris

Na so in tabbatar harshena ba ya bin abin da idona ya karanta. Akwai gwajin da masana ɗanɗano ke yi: tambulan uku, biyu abu ɗaya ne, ɗaya daban, sai ka nuna bare. Na roƙi ƙanena ya zuba a bayan idona, pale ale mai 0.0 da wata mai 0.5.

Da na nuna na tsakiya, sai ya ce, "Yaya, da me ka gane? Ni duk ɗaya nake ganin su."

Na ce masa ba a launi ba ne, ya riƙe kurɓi a baki ya ɗan jira. Mai 0.5 ta fi cika baki kaɗan, kuma ƙamshinta ya fi daɗewa bayan haɗiya. Ya gwada ya ce shi ɗacin kawai yake ji. Ba zan ɗora bambancin duka a kan ragowar barasar ba, tunda masana'anta biyu ne da girki biyu, amma bambancin yana nan, kuma na same shi ba tare da ganin gwangwani ba.

A zaman nan muka ci karo da wata kwalba koriya mai wari mai hawa kai, kamar na roba da ta ƙone. Haske ne ya yi mata illa. Idan haske ya bugi sinadaran ɗacin hop, sukan farfashe su haɗu da sulfur su samar da wani abu da hanci ke kamawa ko da ɗan mitsitsi ne. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi karewa, gwangwani kuma ya fi duka. Ban saka ta a lissafi ba, domin laifin ajiya ne, ba na nau'in ba.

22 ga Maris

Baƙaƙe: porter da stout. Na daɗe ina jiran wannan rana.

Porter a Landan ta taso a ƙarni na 18, stout kuma da farko sunan porter mai ƙarfi ne kawai. Abin da ya sauya su shi ne injin gasa hatsi mai juyawa da Daniel Wheeler ya yi wa rajista a 1817. Da shi aka iya gasa tsiro ya yi baƙi ƙirin ba tare da ya kama wuta ba, sai ya zama ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina tukunya guda, sauran kuma a yi da farin tsiro mai yawan sukari.

Na ɗaga tambulan a gaban fitila. Abin da nake zaton baƙi ne ashe ja ne mai duhu a gefe-gefe. Ƙamshin gahawa da cakulan, da ɗan ƙauri mai daɗi can ƙasa. Wannan gardi daga wuta ya fito tun kafin yisti ya taɓa ruwan, don haka cire barasa bai shafe shi ba. Har ma ɗacin gasasshen sha'ir yana yanke ragowar zaƙin da ya dame ni a farko, su biyun suka daidaita juna.

Inda ake gane gwani shi ne nauyi. Ido yana ganin baƙi sai baki ya sa ran kauri, in bai samu ba sai a ji an yaudare shi. Wata porter da na gwada haka ta yi, ƙamshi cikakke, jiki babu. Waɗanda suka yi nasara sun bi ɗaya daga hanyoyi uku. Wasu sun saka ot. Wasu sun saka laktos, sukarin madara da yistin giya ba ya iya ci, wanda dama da shi ake yin nau'in da ake kira stout na madara. Wasu kuma sun yi amfani da iskar naitirojin, dabarar da Michael Ash ya ƙirƙiro wa Guinness aka fara amfani da ita a 1959. Ƙwayoyin kumfar naitirojin ƙanana ne ƙwarai, suna ba baki santsi da cika ko da ruwan kansa ba shi da kauri. Mai naitirojin ɗin ita ce mafi kusa da cikakken abu a duk abin da na ɗanɗana zuwa yanzu, kuma sai da ta huce sosai cakulan ɗin ya buɗe.

2 ga Afrilu

Gose, giyar alkama mai tsami da gishiri da koriyanda, wadda ta samo suna daga garin Goslar na Jamus ta kuma yi gida a birnin Leipzig. Tsamin daga ƙwayoyin Lactobacillus yake. Dama can ba mai yawan barasa ba ce, don haka abin da aka cire kaɗan ne. Tsami ya kawo bushewar da pilsner ta rasa, gishiri ya ƙara cika baki. Ta yi kyau ƙwarai. Ƙorafina ɗaya: wasu suna tula mata ruwan 'ya'yan itace har alkama da koriyanda su nutse, ta koma lemon kwalba.

14 ga Afrilu

Tripel ta Beljiyam, kuma nan na ga iyakar abin. Sufayen Kirista na gidan ibadar Westmalle ne suka fitar da wadda ta zama abin koyi a 1934, barasarta ta haura kashi 9 cikin 100. Sirrinta shi ne ana ƙara sukari a tukunya, yisti ya cinye shi kakaf ya mayar da shi barasa, sai ta fito da ƙarfi amma ba nauyi, da ɗumi a ƙirji. Wato barasar tana cikin ginin nau'in, da ita aka yi ginshiƙi.

Sigar marar barasa da na samu tana da launin, tana da ɗan ƙamshin yaji da na 'ya'yan itace daga yisti. Amma tsakiyarta fayau take, kuma an cike ta da zaƙi, wanda shi ne ainihin abin da tripel ke gudu. Ba na ganin laifin wanda ya yi ta. Ina ganin da ya ba ta wani suna da ta tsaya a matsayin abin sha mai daɗi, maimakon a auna ta da abin da ba za ta taɓa zama ba. Saboda wannan dalili na cire barleywine da stout mai ƙarfi na imperial, masu yawan barasa su ma, daga jerin da zan nema.

A madadinsu na sa biyu daga Jamus. Dunkel ta Munich, lager (dangin giyar da pilsner ke ciki) mai duhu da gardin ɓawon burodi, za ta nuna mini ko gasasshen hatsi matsakaici ya isa ya ceci lager daga matsalar zaƙi. Sai rauchbier ta Bamberg, wadda ake busar da tsironta a kan hayaƙin itacen bich. Hasashena shi ne hayaƙin zai tsira gaba ɗaya kamar yadda gardin stout ya tsira, tunda shi ma daga wuta ya shiga hatsin. Na rubuta hasashen a shafin da kwanan wata kafin in buɗe ko ɗaya.